Ƙodar Ladan

Kakan Malam Lawal ya bar Haɗejia a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya iso Omdurman ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ya haura shekara tasa'in, kuma har yau zuriyarsa ba ta gama shi ba. Gadon da tsohon ya bari bai wuce butar tagulla ɗaya ba, da masallacin jar ƙasa da ya taya ginawa, da kuma tsoron najasa, wanda ya bi jinin gidan kamar yadda tsawo ko wushirya ke bin na wasu.

Malam Lawal ne ladanin wannan masallaci tun yana ɗan shekara ashirin da shida. Kiran salla ba ya cika tukunya, saboda haka yana ɗinkin hula a inuwar bangon masallacin daga hantsi har magariba. Ba shi da zurfin karatu, bai kuma taɓa cewa yana da shi ba. Babi ɗaya ya riƙe, babin tsarki, amma ya riƙe shi riƙon da liman da kansa yakan turo masa masu tambaya. Idan amalanken jaki ya fantsama masa ruwan kwata, ba ya zagin mai jakin. Gida yake komawa ya cire jallabiyar a wanke ta duka, don bai tabbatar da inda ɗigon ya sauka ba. Matarsa Ni'imatu takan ce mutum ɗaya ta aura, amma wankin mutum huɗu take yi.

'Ya'ya biyu suka rayu musu. Muhannad ya tafi haƙar zinariya a arewa, ana jin muryarsa sau biyu a shekara. Amani ce ta zauna. Ƙunshin amare take yi, hannunta ya yi suna har daga unguwar Sahafa ake aiko raksha, keken haya mai ƙafa uku, a ɗauke ta, bakinta kuma ya fi hannun sauri. Tana fara magana da Hausa ta ƙare da Larabci, ta bar ubanta a tsakiya yana neman inda zai sa baki.

Tana da shekara ashirin da biyu ƙafafunta suka kumbura, aka ce ƙodarta duka biyun sun ajiye aiki. Daga nan rayuwar gidan ta koma Lahadi da Laraba, ranakun da ake ƙetare gada zuwa Khartoum a haɗa ta da injin wankin ƙoda awa huɗu. An ƙayyade mata ruwan sha, ƙananan kofi biyu a yini, a garin da koguna biyu suka haɗu. Da finjalin gahawa take auna shi, ta sha kamar mai shan magani.

Bayan shekara biyu likitoci suka ce dashe ne mafita, a nemo wanda zai ba ta ƙoda a cikin dangi. Ni'imatu na da ciwon sukari. Muhannad ya zo, jininsa bai dace ba, ya koma raminsa. Uban ne ya dace: shekara hamsin da uku, bai taɓa shan taba ba, bai taɓa cusa garin taba a leɓe ba, yana hawa matakalar hasumiya sau biyar a rana duk lokacin da wuta ta ɗauke, wato kusan kullum.

"Yaba," in ji Amani da suka fito, "ƙodar ladan za a sa mini? Kada fa ta riƙa tashina tun kafin asuba."

"Da ta yi miki gata."

"To ka ja mata kunne. Ni sai tara nake tashi."

Ranar ya yi dariya a titi, abin da ba a san shi da shi ba.

Kafin a yarda mutum ya ba da ƙodarsa, sai an bincike shi binciken da ba a yi wa mai neman aure. A farkon shekarar 2023 aka ba Malam Lawal jerin gwaje-gwaje shafi biyu, ya shiga cikinsu kamar ya shiga watan ibada. Gwajin jini na son a kwana ba a ci komai ba, awa goma, ruwa kaɗai aka yarda. Shi ko ruwan bai sha ba, har ma'aikaciyar ta nemi jijiyarsa ta rasa, ta kore shi ya sha kofi biyu ya dawo. Ranar hoton ƙirji aka ce a cire duk wani ƙarfe. Ya cire agogo da zobe, ya kuma tambaya ko allurar da ke soke a hularsa ta shiga cikin hukuncin. Ranar hoton ciki aka ce ya sha ruwa kofi huɗu ya riƙe fitsari har a kira shi. Wuta ta ɗauke, ya riƙe awa biyu da rabi a kan benci. Azahar ta shiga, bai yi salla ba don ba a salla da matsuwa, bai kuma je bayi ba don ba a ba shi izini ba. Duk waɗannan ya ci su. Daktora Hadil, likitar da fayil ɗinsu ke hannunta, ta ce da marasa lafiyanta duka irinsa ne, da tuni ta yi ƙiba.

Saura gwaji ɗaya fayil ya je gaban kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata. An ma riga an rubuta sunan Amani da fensir a ranar tiyata ta farkon Maris.

A tagar ɗakin gwaje-gwaje wata yarinya sa'ar Amani ta miƙo masa farar jarka mai cin lita uku, da takardar bayani wadda aka kwafa daga kwafi har rubutun ya koma sawun tururuwa. Ta yi bayani da sauri, idonta a kan tebur. Ya saurara, idonsa a kan takalmansa. Sau ɗaya ta ambaci fitsari, ta ji nauyin furfurarsa, daga nan ta koma cewa "abin". Abin na farkon safiya a zubar. Abin da ya biyo baya a tara a jarka har safiyar gobe. A ajiye a wuri mai sanyi.

"Ka gane, ya haj?"

"Na gane, 'yata."

Kowannensu ya ji daɗi an gama. Ya haj, wato Alhaji, take ce masa, kamar kowa a asibitin, shi da gidansu ke kan hanyar Makka tun zamanin Turawa.

A cikin hafla, motar haya, kan hanyar komawa, ya yi abin da ya iya, wato ƙiyasi. Ba a zuƙe jinin jikinsa duka ba, cokali ɗaya aka ɗiba ya yi shaida a kan saura. Fitsarin da aka gwada makon da ya wuce ɗan kofi ne. Mai miya ma ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri. Ke nan abin da ake bukata shi ne a sami na hantsi da na yamma da na wayewar gari, kowanne ya wakilci lokacinsa, girman jarkar kuwa fankama ce irin ta asibiti. Hujja ce mai kyau. Da a zauren karatu aka kawo ta, da an ce madalla.

Ƙarƙashin hujjar akwai abin da bai faɗa wa kansa ba. Yininsa a masallaci yake. Jarkar ba za ta shiga harabar masallaci ba, ko da a bayan tukwanen alwala ne. Shi kuma ba zai riƙa ajiye allura yana rugawa gida a gaban jama'a ba, kowa na ƙirga masa. Sai ya ajiye jarkar a bayan bayin gida, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ya rage shan ruwa don kada ta cika cikar da za ta ba shi kunya a taga. Ya ba ta rabonta sau uku. Sauran ya yi su a bayin masallaci kamar kullum, ya yi tsarki mai kyau.

Washegari ya naɗe ta a leda uku, ya sa a buhu, ya ɗaure.

"Yaba, me ke cikin buhun nan?" Amani ta tambaya daga kan angarib ɗinta, gadon igiya da take yini a kai. "Kamar ka sato ɗan akuya."

"Saƙon likita ne."

Ta kalli buhun, ta kalle shi. Shekara biyu tana zama cikin masu ciwon ƙoda, ta san ƙa'idar gwajin nan kamar Fatiha. Amma 'ya ba ta koya wa ubanta yadda ake fitsari.

Ya ƙetare gada a tsaye a ƙofar hafla, buhun a waje yana lilo a saman kogi, don kada ya taɓa rigar wanda zai yi salla da ita. A taga wani saurayi ya ɗaga jarkar ya duba ta a haske. Ba ta kai sulusi ba.

"Na awa ashirin da huɗu ne wannan?"

"Daga jiya da safe zuwa yau da safe."

Malam Lawal bai taɓa yin ƙarya ba, ranar ma bai yi ba.

Da sakamako ya fito, su uku suka shiga wajen Daktora Hadil: shi, da Ni'imatu, da Amani. Likitar ta daɗe tana kallon takardun.

"Jininka na cewa ƙodarka lafiya, fitsarin na cewa rabin aiki take yi. Ɗayansu bai faɗi gaskiya ba. Ya haj, ka tara yadda aka ce maka?"

Matarsa na dama, 'yarsa na hagu, mai tambayar kuma ba ta fi 'yar da shekara goma ba.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Mutum sittin ne a bakin ƙofa, ɗaya har ya leƙo. Likitar ta ce kwamiti ba ya karɓar fayil mai baki biyu, kuma ba za ta cire ƙoda daga jikin mutumin da wataƙila shi ma yana bukatarta ba. Ya huta wata ɗaya, ya sha ruwa sosai, a sake. Ta ɗauki abin goge fensir ta goge sunan Amani. Abin bai ɗauke ta daƙiƙa biyar ba.

Ranar tiyatar ta faɗa kan na bayansu a layi, wani masunci daga Jabal Awliya mai suna Hamuda, wanda ya ba ƙanensa ƙoda. Sun saba haɗuwa da Malam Lawal a benci. Mako biyu bayan aikin suka sake haɗuwa wajen mai shayi a gindin dogon yaro, Hamuda ya zo a duba ɗinkinsa, yana tafe a karkace, bakinsa kuwa ba a taɓa shi ba.

"Ya maulana! Kai da ke gabana, ina ka tsaya?"

"Fitsarin ne bai yi kyau ba."

"Wannan jarkar tsiya! Ni fa ɗaya ba ta ishe ni ba, sai da na dawo na karɓi ta biyu, yarinyar taga ta ce ko raƙumi ne da ni a gida. Da ita na shiga kwalekwale, na ɗaure ta da igiya na jefa a ruwa ta sha sanyi tare da kifi. Abokan aikina suka ce Hamuda ya yi sabuwar amarya, ba ya motsi sai da ita."

"Duka ka tara?"

"Ko ɗigo bai tsere ba! Ai su auna suke yi, nawa ƙodar ta tace a yini guda. Ka kai musu rabi, su ce rabin ƙoda ke gare ka. Ni da ban yi makaranta ba ma na gane wannan, balle kai, ya maulana. Sha shayinka mana, ya huce."

Bai sha ba.

Ya shiga wajen likitar shi kaɗai, ya juya fuskarsa ga kalandar da ke bango, ya faɗa wa kalandar komai. Daktora Hadil ta cire tabarau ta ajiye.

"Ai na tambaye ka, ya haj."

"Kin tambaye ni a gaban 'yata."

Ba a koya musu wannan a makarantar likita ba, babu kuma gurbinsa a fayil. Ta ce azumi saura kwana biyar, ba ta son a tara fitsari a jikin mai ƙishirwa, kwamitin ma ba zai sake zama ba sai bayan salla. Ta ba shi sabuwar jarka, ta rubuta masa Litinin ta farko bayan idi. Wannan karon ita ta yi bayanin da kanta, ta kira kowane abu da sunansa, tana kallon idonsa. Ya jure.

A gida ya gaya wa Ni'imatu, ta ce, "Malam," ta shiga madafa. Amani ba ta jira an gaya mata ba.

"Na sani tun ranar, Yaba. Da yatsa biyu ka ɗauki buhun."

"Me ya hana ki magana?"

"Kai ka koya mini kunya. Ka ga na haddace." Ta yi dariya, ta miƙa masa finjalinta. "Zuba mini rabona. Wata ɗaya ne, ba mutuwa ba."

Yaƙi ya tashi ranar Asabar, ashirin da huɗu ga azumi. Da farko mutanen unguwa sun ce kwana uku ne, manyan sojojin za su shirya. Litinin ta bayan idi ta zo ta wuce, gadar da ake bi zuwa Khartoum ta zama wurin da ba a tsayawa a ƙofar hafla, don babu haflar. Cibiyar da Amani ke zuwa ta rufe. Daktora Hadil ta amsa waya sau biyu, na uku aka ce tana kan hanyar Masar.

Suka koma neman injin wanki a cikin Omdurman, duk inda aka ji labarin akwai man janareta da ruwa da ma'aikaci a rana ɗaya. Sau biyu a mako ya koma sau ɗaya, awa huɗu ta koma biyu don a raba wa kowa, daga baya ya zama duk kwana goma in an dace. Malam Lawal yana tura ta a baro ta lungu, yana tsayawa a shingaye yana nuna hannunta mai kumburarriyar jijiya a madadin takardar shaida. Ƙodar da aka yi wa alkawarin Amani tana cikinsa duk wannan tafiyar, tana aikinta.

Amani ta rasu a watan Yuli, da hantsi, kwana goma sha uku bayan wankinta na ƙarshe. Ba a kai ta maƙabarta ba, hanyar ba ta biyuwa. An binne ta a filin da yaran unguwa ke ƙwallo, kusa da wasu. Ubanta ya tsaya a kan a nemo ruwa mai tsarki na wanka, aka nemo, mata suka yi mata yadda ya kamata.

Bayan wata biyu shi da Ni'imatu suka bi ayari zuwa arewacin Omdurman, suka sauka a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwanta. Masallacin can ba shi da ladan, ya karɓa. Hula babu mai saye. Mutane sun ce ya yi haƙuri irin na malamai, ba a taɓa jin ya ambaci sunanta ba. Masu tambayar tsarki dai ya daina amsa musu, yana tura su wajen liman.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka aka buɗe wani ƙaramin ɗakin gwaji a bakin kasuwa, mai aiki da hasken rana. Ya je ya ce yana son gwajin awa ashirin da huɗu. Mai wurin, wata dattijuwa mai suna Su'ad, ta tambayi takardar likita. Ya ce babu. Ta tambaya me ke damunsa. Ya ce babu. Ta ɗaga kafaɗa ta ba shi jarka, ta fara bayani, ya ƙarasa mata shi har da abin da ta manta.

Ya zubar da na farko, ya duba agogo, bakwai saura kwata. Ya sha ruwa kamar kowane yini, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ɗauki jarkar a fili, babu leda babu buhu, ya ajiye ta a cikin bokitin ruwa a gindin bishiyar da ke ƙofar masallaci. Duk wanda ya zo azahar ya gan ta. Duk wanda ya zo la'asar ya ga ladan ya ɗauke ta ya zaga baya ya dawo da ita.

"Malam, lafiya?" wani ya tambaya. "Mene ne wannan?"

"Fitsarina ne."

Mutumin ya nemi wani abin kallo. Aka yi ta magana ƙasa-ƙasa cewa yaƙi ya taɓa kan ladan, Allah ya sawwaƙe.

Da safe, bakwai saura kwata, ya zuba na ƙarshe ya rufe. Da hannu biyu ya kai ta. Aka ɗebi jininsa, aka auna tsayinsa da nauyinsa, aka ce ya dawo jibi.

Su'ad ta miƙo takardar tana murmushi, irin murmushin wadda ta daɗe ba ta ba kowa labari mai daɗi ba.

"Mabruk, ya haj! Shekara hamsin da biyar, ƙoda kamar ta ɗan talatin. Wallahi tun da na buɗe wurin nan ban ga irinta ba. Kai ai har kyautar ɗaya za ka iya yi."

"Babu kuskure?"

"Wane kuskure? Ka tara duka ko?"

"Duka."

"To shi ke nan. Ka gode wa Allah."

Ya ce ya gode. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya taka zuwa gida a cikin rana. Ni'imatu na tsakar gida tana tsince wake a faranti. Ba ta tambaye shi inda jarkar take zuwa ba tun farko, ba ta kuma ɗago kai ba yanzu.

"Me suka ce?"

"Sun ce lafiyata ƙalau."

Ta ɗauke wata 'yar tsakuwa daga cikin waken, ta duba ta, ta jefar.

"To," in ji ta.